Tsohuwar Motar Alfarma a Hanyoyin Ƙasar Yauri

Farashin babbar mota yakan faɗi kowace shekara, amma kuɗin kayan gyaranta ba ya biyo ta ƙasa. Marsandin da wani attajirin Jamus ya ɓare a leda shekara ashirin da suka wuce, yau matashin da kakar albasa ta yi wa kyau, ko dillalin bandar kifi, ko wanda ya dace a ramin zinariya a yankin Ngaski, zai iya sayenta da kuɗin da ba su isa Corolla mai rabin shekarunta ba. To amma ran da famfon iskarta ya ƙone ko giyarta ta ƙi shiga, mai sayar da kayan mota ba ruwansa da nawa aka sayo ta. Abin da za a caji wancan attajirin shi za a caji namu, har da ƙarin kuɗin jirgi da na kwastan da na motar da za ta ɗauko kayan daga Legas ko Kano ta sauke a tashar Yelwa. Shi ya sa wanda ya zagaya unguwannin Yelwa ko Wara ba zai rasa ganin irinsu jibge a gindin maina ba, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, awaki na shan inuwa a ƙarƙashi.

Ba na cikin masu cewa kada mutumin Yauri ya hau Marsandi. Wanda ya yi gumi ya samu halalinsa yana da damar ya zauna a kujerar fata ya sha sanyin iyakwandishan a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Maganata ita ce yawancin motocin nan ba tsufa ne ya kwantar da su ba, ba kuma ramukan hanya kaɗai ba. Gyaran lalube ne ya kashe su. Alhakin kuwa a rabe yake tsakanin mai mota da bakanike da hukumomin da suka bar sana'ar kanikanci a inda take tun zamanin kafireto.

Iyayenmu ma sun san babbar mota, sai dai irin tasu daban ce. Kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kakuri da ke Kaduna a 1975, Fijo 504 da ya riƙa harhaɗawa ta zama motar ma'aikacin gwamnati da hakimi da direban haya gaba ɗaya. Marsandi 200 da 230 na ƙarshen shekarun 1970, da doguwar nan da aka laƙaba wa sunan Shugaba Shehu Shagari, da V-Boot da ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, duk motoci ne da bakanike ke gane ciwonsu da kunne da ido da sifana. Daga tsakiyar shekarun 1990 labari ya sauya. Tun 1996 doka ta wajabta duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da kafar da ake jona na'ura a karanta matsalarta, Turai ta bi sahu a 2001. S-Class da ta fito a 1998, da BMW 7 Series ta 2001, da E-Class ta 2002, kowacce tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci birjik masu aika wa juna saƙo ta waya. Motar da kanta take rubuta inda ke damunta. Wanda ba shi da na'urar karantawa, ko yana da ita amma ba a koya masa abin da lambobinta ke nufi ba, dole ya koma canki-canki: a sauya wannan a gani, in bai yi ba a sauya wancan, aljihun mai mota na ta zuba.

A fara da zafi, don shi ne abokin gaba na farko a wannan ƙasa tamu. Da wuya mota ta shigo daga Kwatano ko Legas ba a ba mai ita wannan shawara ba: "Alhaji, a cire tamostat a haɗa fanka dairek. Wannan don ƙasar ƙanƙara aka yi shi." Masu faɗin haka da zuciya ɗaya suke faɗa, haka su ma aka koya musu, amma kuskure ne. Tamostat ɗan murfi ne da bai cika tafin hannu ba, da sifirin a jikinsa da ƙullin wani irin kaki a ciki. In ruwa ya yi zafi kakin ya kumbura ya tura murfin ya buɗe, in ya huce ya koma ya rufe. Aikinsa riƙe injin a zafin da aka ƙera shi a kai, wajen digiri 90. Injin da aka cire wa shi yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, sai kwamfuta ta ɗauka har yanzu da sanyi a jikinsa, ta ci gaba da ɗura masa fetur fiye da kima. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke maiƙon jikin silinda, ya sirka baƙin mai, fulogi ya yi baƙi, tanki ya riƙa ƙarewa kafin lokacinsa. Bayan wannan, a injinan Jamus da dama tamostat ƙofa biyu yake gadi. Yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke kewayawa a cikin injin. In an cire shi gajeriyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye bai je lagireto ya sha iska ba. Wanda ya cire don gudun zafi sai ya tarar da zafin yana jiransa tsakanin Koko da Jega da tsakar rana.

Motar da ke zafi tana da dalili, dalilan kuma ba su da yawa. Ko lagireto ya toshe ta ciki da gishirin ruwan rijiya da na burtsatse da ake ɗura masa kowace safiya, ko ya toshe ta waje da ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa da ƙwarin dare, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa ya gaji, ko tankin roba ya tsage. BMW ta yi ƙaurin suna a nan, kayan ruwanta na roba ne masu ƙeƙashewa da tsufa su fashe ba sallama. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan shi ke hana tsatsa cin alminiyon injin, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na tofsilinda. In allura ta hau ja kuwa, a tsaya nan take. Kilomita biyar ɗin nan na "bari in lallaɓa in ƙarasa gari" su ne ke ƙona gaskit.

Sai giya, wadda a kanta aka fi asarar kuɗi a banza. Na ga wata E-Class a wani gareji da aka lallaɓo da ita daga wajen Tungan Giwa, ta maƙale a lamba biyu ta ƙi gaba. Babban bakanike ya zagaya ta, ya taka totur, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, giya ta tafi. Sai dai a nemo Baljiyam." Mai motar har ya fara lissafin buhunan shinkafar da zai fitar. Wani matashi mai wayarin da ya yi koyo a Kaduna ya ce, "Oga, a ba ni dama in duba soket tukuna." Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya murɗo wani zagayayyen soket a gefen giyar, ya fito da shi yana ɗigar jan mai. Ya bi wayar har akwatin kwamfutar giyar, ya buɗe, ga mai kwance a ciki. Wannan ciwo sananne ne a giyar Marsandi mai lamba biyar da ake kira 722.6: robar bakin soket ɗin takan gaji, man giya ya bi ta cikin waya kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, har ya isa kwamfuta ya rikita ta, ita kuwa ta kulle giyar a lamba biyu don kada a yi ɓarna. Aka wanke, aka shanya, aka aiko da sabon soket da kuɗinsa bai kai na buhu ɗaya ba, aka share lambar da na'ura. Motar ta koma gida da giyarta. Da an sa Baljiyam ɗin ba a wanke akwatin ba, da ita ma haka za ta yi, a ce mai kaya ya sayar da mara kyau.

Kamfanin Mercedes-Benz ma da nasa laifin. Da farko ya ce man wannan giya ba a sauya shi har motar ta gama rayuwa, ko sandar awo bai sa mata ba, daga baya ya dawo ya ce a riƙa sauyawa. Motocin da ke zuwa mana da yawa da man haihuwarsu suke zuwa, ya yi baƙi yana ƙauri. Kowace giya da irin man da take sha, kuma a wani ƙayyadadden zafi ake auna shi. Jan man da ake ɗura wa kowace mota daga jarka ɗaya ya lalata giyoyin da ba su ƙirguwa. Haka jan mota da igiya. Famfon man giyar otomatik injin ne ke juya shi, in injin a kashe yake ƙafafu na juyawa, ƙarfe ne ke cin ƙarfe a bushe. Littafin motar ya ce kada a wuce kilomita 50 ana ja, kada gudun ya wuce 50 a awa. Wanda motarsa ta mutu a Wara ya ɗaura mata igiya zuwa Yelwa, ya sani yana iya isa da ciwo biyu maimakon ɗaya. Ɗora ta a bayan babbar mota ya fi sauƙi komai tsadarsa.

Wuta da ruwa ba sa ga maciji, damina a gefen tafkin Kainji kuwa ba wasa ba ce. S-Class ta 1998 zuwa 2005 tana da 'yar magudana a ƙasan gilashin gaba. In ganye da ƙasa suka toshe ta, ruwan sama ya taru ya bi ta wurin fankar iyakwandishan ya kwanta ƙarƙashin kafet inda wayoyi suke. Mai mota ba zai ga komai ba sai bayan makonni, fitilu su riƙa kunna kansu, gilashi ya ƙi sauka, makulli ya ƙi juyawa. Share magudanar kafin ruwan farko aikin minti goma ne. Akwai kuma ɗabi'un da muka gada daga zamanin Fijo waɗanda ita ta jure, waɗannan ba sa jurewa: cire kan batir injin na aiki wai don a gwada caji, yin walda ba a cire batir ba, naɗa zaren waya a gurbin fis da ya ƙone, feshe injin da ruwa mai ƙarfi a wurin wanki. Kowanne yana iya ƙona birenbos, wato kwamfutar motar, cikin ƙiftawar ido. Wasu motocin ma da ruwansu suke zuwa. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, ɗimbin motocin da suka nutse a Amurka an yi gwanjonsu, kuma irin wannan gwanjo na motocin haɗari da ambaliya yana cikin wuraren da dillalan Afirka ta Yamma ke sayayya. Ɗaga kafet a duba tsatsa da laka a ƙarƙashin kujera, da bincikar lambar jikin mota a intanet, sun fi duk rantsuwar dillali.

Ba kowace dabara ta gida nake suka ba. Manyan Marsandi da yawa ba a kan sifirin suke zaune ba, a kan jakunkunan iska ne na roba, da famfo mai cika su. Robar takan tsattsage da tsufa, zafi da ƙura su gaggauta mata. Alamar farko mai mota ya fito da safe ya tarar ta durƙusa a ƙafa ɗaya, in ya tada ta miƙe, sai ya ce ai ba komai. Alhali famfon ne ke aiki ba hutu don ya cike gurbin iskar da ke zurarewa, har ya ƙone, gyaran ƙafa ɗaya ya zama na ƙafa da famfo. A nan ina tare da kanikawan da ke cewa a mai da ita sifirin. Masu ƙaunar Marsandi a birane za su ce an ɓata mota, kuma gaskiya ne taushin tafiyarta zai ragu. Amma motar da za ta bi hanyar Malando zuwa Ngaski da Wara da damina, ko ta sauka daga kwalta ta shiga ƙauyukan Shanga, gara ta rasa taushi da ta zube ƙasa a inda ba mai ɗaga ta. Sharaɗin kawai a sa cikakken saiti da aka ƙera don wannan motar, ba a yanko sifirin wata a cusa ba. Haka sauya siraran tayoyi da masu ɗan kauri, da sa farantin ƙarfe ya kare tukunyar baƙin mai, duk gyara ne da ya dace da ƙasa. Bambancin a fili yake. Wani gyaran yana daidaita mota da hanyarmu, wani kuwa rufe mata baki yake yi, irin su liƙa baƙin salatif a kan fitilar gargaɗi ko fasa indomin salansa a zubar ba a binciki abin da ya toshe shi ba.

Birki kuwa ba wurin dabara ba ne ko kaɗan. E-Class ta 2002 zuwa 2006 ta zo da birkin lantarki mai suna SBC, wanda kamfanin ya yi wa kiranye a 2004 da 2005, ya kuma cire shi daga samfurin a 2006. Famfonsa yana da adadin takun da aka ƙayyade masa. In jan rubutu ya fito a kansa, ajiye motar ake yi.

Lexus ta fi haƙuri, shi ya sa ES 330 da ES 350 suka cika hanyoyin Arewa. Danginsu ɗaya da Camry, kayansu na samuwa a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka ba sai an jira na kasuwar Ladipo ba. Ita ma tana da nata: ES 350 ta farko-farko ta zo da wani tiyon mai na roba da kan fashe ya zubar da baƙin mai cikin mintuna, akwai na ƙarfe da ake maye gurbinsa da shi, kuma duk wanda ya saya ya kamata ya leƙa ya ga wanne ne a tasa. Dashbod ɗinta kuma narkewa yake a rana ya yi danƙo.

Duk wannan kafin a zo kan kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, dala kuma daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a wannan shekarar ta 2024. Mai injin silinda shida ko takwas sai ya koma sayen lita biyar-biyar, sau da yawa a wurin 'yan bumburutu. Famfon mai a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, tafiya kullum da allura a ƙasa tana gajarta masa kwana, ga ruwa da dattin jarka na toshe nozul. Ko na gidan mai ba kullum yake da tabbas ba, ba a manta da fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga Antwerp ta Beljiyam a farkon 2022 ba. Juyen baƙin mai ma an koma jan lokaci, in an tashi kuma a sa mai kauri wai don ƙasarmu da zafi, alhali siraran hanyoyin man waɗannan injina ba don shi aka yi su ba. Araha ba ta ado. Wanda zai sayi irin wannan mota ya ware kuɗin gyaran shekarar farko tun kafin ya yi ciniki, in kuɗin ba su kai ga biyun ba ya sauko kan wadda zai iya riƙewa.

Wani zai ce wannan damuwar masu hali ce, ina ruwan talaka. Da ruwansa. A ƙauyukanmu motar mai hali ita ce motar asibiti. In naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ko aka tura mara lafiya daga Yauri zuwa Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ƙofar mai mota ake bugawa. Kuma tun harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021, ba wanda ke ɗaukar mutuwar mota a daji bayan la'asar a matsayin ƙaramin abu.

Kanikawanmu kuwa ba basira suka rasa ba. A je bakin ruwa a Yelwa ko Wara ranar kasuwa a ga yadda ake warware injin jirgi ƙirar Yamaha a kan buhu, a wanke, a mayar, ya tashi kafin fasinja su gama lodi. Kafin a gama madatsar Kainji a 1968, kakannin yawancin masu wannan aiki da filafili da gora suka san ruwa. Injin ya zo, ya yawaita, kayansa suka samu a kusa, yara suka koya a hannun manya. Haka aka yi da injin ban ruwa, haka aka yi da babur ɗin Boxer. Ilimin motar kwamfuta ne bai iso ba, don ba a koyonsa da kallo kaɗai. Yana buƙatar na'ura, da iya karanta taswirar wayoyi, da malami. 'Yar na'urar nan mai araha da wasu ke jonawa da waya injin kawai take gani, ba ta shiga giya da birki da jakar iska. Marsandi da tata manhajar mai suna Xentry, Toyota da Lexus da tasu Techstream, kuma da tsohuwar kwamfutar cinya suke aiki.

Yauri da Ngaski da Shanga masarauta ɗaya ce, mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai. Kowace shekara ana raba babura da kekunan ɗinki da sunan tallafin matasa. Kuɗin babura kaɗan daga ciki za su sayi cikakkun na'urori, su kuma tura matasa goma da suka gama sakandare suna koyon wayarin zuwa horon da hukumar kula da harkar motoci ta NADDC ke ba kanikawa, ko a nemi sashen injiniya na Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi ya shirya musu gajeren kwas. Ƙungiyar kanikawa ta NATA ta riƙe na'urorin a wuri ɗaya a Yelwa, kowane gareji ya kawo mota a karanta a biya abin da ya sauwaƙa, manyan kanikawa su zauna a kan aikin hannu da suka fi kowa iyawa. Ba don Marsandi kaɗai ba ne. Corolla da Sienna da Hilux da ke jigilar mutane da kaya tsakanin Kontagora da Jega yau duk da birenbos suke tafiya, kuma motoci masu haɗa fetur da batir sun riga sun fara sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, batirinsu na ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, wadda ke iya kashe yaron da ya sa mata sifana bai sani ba.